Hannun Rigar Dogo

Tela yakan ce yana riga rediyo sanin inda duniya ta dosa, kuma ba cika baki yake yi ba. Shekara bakwai ke nan yana taka keke a ɗakin ɗinki na wani kamfanin sojojin haya, can bayan filin jirgin sama, cikin wani dogon sito mai rufin kwano wanda a da ake tara takin zamani a ciki. Aikinsa bai wuce biyu ba: ya gyara kakin da ya yage, ya kuma sauya tambarin kafaɗa duk ranar da aka ce a sauya. In ya ga an sauke kwalin zare mai sabon launi, ya san wata gwamnati ta sa hannu a takarda. In aka raba sababbin reza aka ce a farke tuta a bar kafaɗa babu komai, ya san za a tafi inda ba a so a ce an je. Sai bayan mako biyu ko uku mai karanta labarai zai gyara murya ya ce manyan ƙasashe sun nuna damuwa. Tela ya yi tsaki, ya lashi bakin zare ya zura a allura.

A shekarun nan sau uku kamfanin yana canza suna. An yi tambarin shaho, an yi na garkuwa, aka dawo na wata tauraruwa mai kama da ƙafar kaza. Mutanen su ne dai, jiragen su ne dai, ko kujerar akawu mai karyayyar ƙafa ba a canza ba.

Su biyu ne a ɗakin. Ɗayar wata mata ce siririya, bahaguwa, da kowa ke kira Allura, wasu don sana'arta, wasu don bakinta. Ita ce gwanar maho. Takan yanko ƙyalle daga cikin kalmasar rigar da kanta ta toshe ɓula da shi, har sai mutum ya ɗaga rigar ga hasken taga kafin ya ga wurin. Ko a hakan ma Tela kaɗai ke ganewa, don ɗinkinta yana ɗan karkata hagu.

Kayan gyara kuwa a buhu suke zuwa, duk ranar da jirgi ya sauka. Buhu mai farar igiya kayan da suka tsufa ne, an karɓe an ba masu su wasu. Buhu mai jar igiya sai ya biya ta wurin masu wanki sau biyu kafin ya iso, kuma yana zuwa da warin magani mai hawa kai. Ba wanda ya taɓa yi musu bayanin jar igiya, su ma ba su taɓa tambaya ba.

Abin da ya hana Tela sakewa wata goma sha ɗaya ke nan shi ne ƙanensa, Dogo. Shi ya raine shi tun rasuwar iyayensu, shi ya kai shi koyon mota, kuma da mai motar da Dogo ke tuƙawa ya sayar da ita aka bar shi yana zaman kashe wando da mata da tagwaye, shi Tela ne ya je ya durƙusa gaban akawun kamfani ya ce yana da ƙane direba. Direba kawai, ba ruwansa da bindiga. Haka ya faɗa wa akawu, haka ya faɗa wa matar Dogo, haka ya faɗa wa kansa. Wannan magana ita ce take cin sa kullum, don ya fi kowa sanin irin buhunan da ke dawowa.

Ranar da aka ba Dogo kaki uku, ya shigo ɗakin ɗinki yana dariya, ya miƙa hannuwa gaba. Hannun rigar ya tsaya can sama da wuyan hannunsa, kamar ya ari ta ɗansa.

"Yaya, dubi abin da mutanenka suka yi mini. Haka zan je ƙasar mutane, a ce an kawo zalɓe?"

Allura ta ɗago kai ta ce, "Ai ba laifin riga ba ne. Kai ne ka ƙi tsayawa inda mutane suka tsaya."

Tela bai yi dariya ba. Ya jawo wani guntun kaki da ya ɗan fi na rigunan duhu, ya auna yatsa huɗu, ya yi wa kowane hannu ƙari, riga uku, hannu shida. Ya yi ɗinkin layi biyu don kada ya saki. Dogo ya sa, ya ɗaga hannu ya sauke, ya ce rabonsa da rigar da ta kai masa tun ta aurensa.

"To ka riƙe su da kyau," in ji Tela. "A can ba wanda zai yi maka wannan."

"Haba Yaya. Biyu in sun mutu na bayar, amma ta ƙarshe sai dai a cire ta daga jikina."

Da wasa ya faɗa. Tela ya ce masa ya daina irin wannan magana, bakin mutum yana da kaifi.

Wata huɗu na farko Dogo yana bugo waya. Ya ce yana jigilar ruwa da mai zuwa wani tudu inda ake haƙar ma'adinai, gwamnatin can ta ɗauko su don su ƙwace wurin daga 'yan tawaye. Ya ce sauro ya fi 'yan tawayen mugunta. Daga nan aka karɓe wayoyin kowa, wai don tsaro.

Riga ta farko ta dawo a wata na shida, cikin farar igiya, kwalarta ta cinye. Tela ya ji daɗi har ya shinshina ta, ya juya kwalar ya mayar da ita sito. Ta biyu ta dawo a wata na takwas, ita ma farar igiya, amma gefenta ya babbake, wuta ta lashe aljihu ɗaya. Ya daɗe yana juya ta. Daga ranar lissafinsa ya zama ɗaya tak: muddin ta ukun ba ta dawo ba, to tana jikin mai ita. Duk buhun da aka sauke, shi ke fara kwance shi. Ba ya duba ƙirji ko baya, bakin hannu kawai yake bi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi.

Gida ɗaya suke zaune da iyalin Dogo, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Duk yamma in ya jingine kekensa na hawa a zaure, zai tarar da matar ƙanen nasa, wadda suke kira Uwar Biyu, ta sami abin yi kusa da ƙofa, ko shara ko kwashe shanya.

"Sannu da dawowa, Yaya. Akwai labari?"

"Shiru dai, Uwar Biyu. Amma da wani abu ne da mun ji."

"Haka ne," takan ce, ta ci gaba da sharar wurin da ta riga ta share.

Bai taɓa gaya mata zancen rigunan ba. Wata rana dai ta tsayar da tsintsiya ta ce, "Yaya, ni fa ba wani abu nake nema ba. So nake in san ko ni mece ce. Matar aure ce ni, ko kuwa? Yaran nan sun fara tambayata abin da ba ni da amsarsa." Tela ya ce gobe zai sake ganin akawu.

Ya kuwa je. Akawun mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ke gajiyar da mai buƙata. Ya ba shi kujera, ya tambayi iyali, ya buɗe na'urarsa ya yi 'yan danne-danne.

"Malam Tela, kai ma na gida ne, ba sai na ɓoye maka ba. Kamfanin da ƙanenka ya sa wa hannu, mai garkuwa ke nan, an rufe shi tun watan jiya. Mu wani kamfani ne daban."

"Ranka ya daɗe, ni na farke garkuwar na ɗinka tauraruwa. A jikin riguna ɗaya."

"To ka gani. Sannan ƙasar da kake faɗa, a rubuce ba mu da mutum ko ɗaya a can. Ba ka ji ministansu a rediyo ba? Ya ce babu sojan waje a ƙasarsu."

"In babu kowa a can, buhunan nan daga ina suke zuwa?"

Akawu ya yi murmushi, ya rufe na'urar. "Ka yi haƙuri. In na ji wani abu kai ne na farko."

Tela ya koma kan kekensa. Ba fushi yake ji ba, fushin ya ƙare tun tuni. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ranar Litinin ta makon da ya biyo baya aka sauke kwalin zare ruwan goro da baƙi, da tarin sababbin tambura. Allura ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Malam Tela, wannan launin ba na mutanen daji ba ne? Waɗanda aka tura su Dogo su kora?"

Shi ne kuwa. Bayan kwana tara rediyo ya kamo su. Wai an zauna a wani otal a wata ƙasa mai nisa, manyan ƙasashe biyu da ke bayan faɗan sun shirya, sun raba tudun ma'adinan a tsakaninsu. Shugaban 'yan tawaye ya zama minista, kuma da yake bai yarda da sojan gwamnati ba, an ɗauko masa wani kamfani mai zaman kansa ya tsare shi. Mai labarai bai faɗi sunan kamfanin ba. Tambarin yana kan cinyar Tela, saura ɗinki kaɗan.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji Allura. "Su sun sha shayi a otal sun yi musafaha. Mu kuma a ba mu reza."

Tela ya lura tun 'yan kwanakin nan bakin Allura ya rage kaifi a kansa. Ta daina tsokanar sa a kan tabaransa mai ɗaure da zare, har shayi take zuba masa ba tare da ya roƙa ba. Ya ɗauka tsufa ne ya fara kama ta.

Da hantsin ranar Alhamis, sababbin ɗauka suka yi layi a ƙofar sito suna karɓar kaki. Can sai ga wani ya leƙo ɗakin ɗinki, gajere kakkaura, mai furfura jefi-jefi a gemu, ya naɗe hannun rigarsa har ninki uku.

"Salamu alaikum, masu sana'a. An ce nan ake rage wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa."

Ya saki ninkin, hannun rigar ya zubo ya rufe yatsunsa ruf, ragowar tana lilo. Ya kaɗa shi yana dariya. A bakin kowane hannu akwai ƙari yatsa huɗu, na kakin da ya ɗan fi duhu, da ɗinki layi biyu.

Ƙafar Tela ta tsaya a kan keke. Ya ji keken Allura ma ya tsaya.

"Cire ta in gani," ya ce, muryarsa kamar ta wani.

Mutumin ya cire ya miƙa, ya zauna kan benci da 'yar shara. Mai surutu ne. Kafin a tambaye shi ya ce shekara ashirin ya yi yana gadin banki, aka sallame su, 'ya'ya biyar, babbar tana son karatun jinya. An ce masa aikin nan ba wuya, tsaron gidan wani minista ne kawai, yaƙi ai ya ƙare.

Tela bai ji rabin maganar ba. Rigar a wanke take, a goge, amma da ya kai ta hanci, warin maganin nan yana nan a ƙasan ƙanshin sabulu. Bai taɓa ganin ta a buhu ba, kuma ba buhun da ya wuce shi. Ya tashi ya je taga, ya ɗaga ta ga haske. Gaba lafiya lau. Ya juya bayan. A ƙasan kafaɗar hagu akwai maho mai faɗin tafin hannu, an yi shi da kyau ƙwarai, ɗinkin ya ɗan karkata hagu. Ƙasa da shi akwai wasu biyu ƙanana.

Ya juyo ya dubi Allura. Ta sa hannu biyu a cinya, idonta na kan ƙasa.

"Bawan Allah," ta ce da mutumin, "ɗan ba mu wuri. Je ka sha ruwa ka dawo."

Mutumin ya fita, rana na dukan kwanon rufi yana ƙara.

"Yaushe?" in ji Tela.

"Mako uku. Ranar da ka je wurin akawu. Kana fita aka kawo buhun."

"Wace igiya?"

"Ja."

Tela ya zauna a hankali, rigar a kan gwiwarsa.

"Na so in gaya maka," ta ce. "Wallahi sau nawa ina buɗe baki. Sai in ga yadda kake bin hannun riga kana sauke ajiyar zuciya, in kasa. Na ce bari in toshe ta in tura can ƙasan tari, ƙila ta shekara ba a kai gare ta ba. Ƙarin hannun ne na kasa taɓawa, aikinka ne. Ka yafe mini, Malam Tela. Ban san ko daidai na yi ba."

"Ramin," ya ce. "Mutum zai iya tashi da irinsa?"

Shekara bakwai tana toshe irin waɗannan ramuka, ta san wanda ake tashi da wanda ba a tashi, shi ma ya sani.

"A'a," ta ce.

Bai yi kuka ba. Ya yi ta jira kukan ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo masa shi ne ranar da ya durƙusa gaban akawu yana cewa direba kawai, da yadda ya dawo gida ran nan yana jin ya yi wa ɗan'uwansa abin kirki. Ya shafa mahon da babban yatsa. Ta baya aka same shi, ƙila yana kan sitiyari, ƙila yana gudu. Ba wanda zai taɓa gaya masa, tunda a rubuce ba wanda ya je can.

Mutumin ya dawo yana goge baki. "An gama shawara? Don an ce da azahar za a duba mu."

Allura ta miƙo hannu. "Kawo in yi."

"Bari," in ji Tela. "Ni na ɗinka."

Ya gyara tabarau, ya ɗauki reza. Ɗinki layi biyu ba ya farkuwa da sauƙi, shi ya yi shi don kada ya saki, sai da ya bi shi zare bayan zare. Ya cire ƙarin dama, ya cire na hagu, ya ninke su ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ya auna hannun mutumin, ya rage, ya kalmashe.

"Amma wanda ya sa ta kafin ni zabgegen mutum ne," in ji gajeren yana kallo. "Ka san shi?"

"Na san shi."

"Ya gama kwangilarsa ke nan?"

"Ya gama."

"Ka ji masu sa'a. Allah ya nuna mana namu ƙarshen lafiya."

Tela ya buɗe baki. Ya so ya ce masa ya ajiye rigar nan ya koma gida, 'yarsa ta haƙura da karatun jinya. Amma ya dubi furfurar gemun mutumin da tsagaggen takalminsa, ya san amsar da zai ba shi, don ita ce amsar da shi ma yake ba kansa duk safiya in ya hau keke ya nufo nan. Sai ya ce amin. Ya ɗauki tambari ruwan goro da baƙi, na mutanen da suka yi ramin, ya ɗora a kafaɗar hagu, yatsa uku sama da mahon, ya taka keke.

Bai jira lokacin tashi ba. Da la'asar ya rufe kekensa da ƙyalle, Allura ta ce za ta ƙarasa nasa tarin. A hanya jirgi ya taso ya wuce ta kansa, bai ɗaga kai ba.

Uwar Biyu tana kwashe shanya sa'ad da ya shigo. Tagwayen suna can bayan ɗaki suna faɗa a kan wata ƙwallo. Ta yi mamakin ganin sa da wuri, ta dubi fuskarsa, hannunta ya tsaya a kan igiya.

"Sannu da dawowa, Yaya. Akwai labari?"

Ya so ya ce shiru dai, bakinsa ya saba. Maimakon haka ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙyallayen biyu, ya miƙa mata. Ta ajiye kayan shanyar a ƙasa, ta karɓa. Ba sai an yi mata bayani ba. Ita ta wanke rigunan nan uku kafin tafiya, har tana mita wai ƙarin yana zuba ya ɓata mata ruwa. Ita ma Dogo ya yi mata wasan nan nasa, wai ta ƙarshe sai dai a cire ta daga jikinsa. Ta shimfiɗa ɗaya a tafin hannunta, ta ɗora yatsunta huɗu a kai.

"Na ta ƙarshe ne?" ta ce.

"Na ta ƙarshe ne."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna a bakin famfo, a kan simintin da bai bushe ba, ta haɗa ƙyallayen biyu ta daidaita bakinsu kamar mai shirin ninke wanki. Sannan ta ɗago.

"Sauran rigar fa, Yaya? Ko ita ba za su ba mu ba?"

"Tana jikin wani," in ji Tela. "Gobe da safe za ta koma can."